Abin Da Yerwa Za Ta Koya Daga Samaru

Kowane gari da abin da ya yi suna da shi. In an ce Argungu sai a tuna da su, in an ce Baga sai a tuna da bandar kifi, in kuwa aka ce Kura sai a tuna da rini. To, akwai kuma wani irin gari, yawanci ƙarami, wanda ba shi da babbar kasuwa, ba shi da fadar sarki, amma duniya ta san shi saboda makaranta da masu bincike da suka zauna cikinsa. A ƙasar Faransa akwai irinsa kudu maso yamma da birnin Paris, ana ce da shi Orsay. Mutanensa ba su kai dubu ashirin ba. Wata shahararriyar malamar kimiyya, Irène Joliot-Curie, ita ta matsa a gina ɗakunan bincike a can, domin wuri ya yi musu kaɗan a cikin birni. Ta rasu a 1956 ba ta ga ƙarshen aikin ba, mijinta ya ɗora, shi ma ya rasu a 1958. Amma abin da suka dasa ya kama, har ya zama sashe na babbar jami'ar nan ta Paris-Saclay.

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu ga irin wannan gari. Muna da namu a ƙasar Zazzau, watau Samaru. Shi nake so mu duba tare, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, gama a ganina akwai wani abu guda da ya sa Samaru ta zama Samaru wanda mu a nan Yerwa ba mu riƙe shi da kyau ba, kuma mu masu koyon aikin malanta muna da hannu a cikin gyaransa.

Samaru tana kan hanyar Funtuwa, ba ta fi mil goma daga ganuwar birnin Zariya ba. A 1922 Ma'aikatar Gona ta Lardunan Arewa ta kafa tashar gwaje-gwajen noma a wurin. A 1928 aka buɗe gonar kiwon shanu a Shika, nan kusa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kawo reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, sa'an nan ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Arewa, wadda ta ɗauki sunan Sardauna, Sir Ahmadu Bello. Shugabanta na farko wani Bature ne mutumin New Zealand, Norman Alexander, na biyu kuwa Dokta Ishaya Audu, wanda ya riƙe ta daga 1966 zuwa 1975. Tsohuwar tashar gona ta shiga ƙarƙashin jami'a, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. Ku lura da lissafin nan: tsakanin kafa tashar gona da buɗe jami'a shekara 40 ne cif. Watau jami'a ta zo ta tarar da masu bincike sun riga sun tsufa a wurin.

Yau manomi a kasuwar ƙauye yana iya sayen iri bai san cewa sunan garin yana manne da shi ba. Duk irin da aka fitar daga can ana fara sunansa da harufan farko na Samaru: masara SAMMAZ, dawa SAMSORG, gyaɗa SAMNUT, wake SAMPEA, auduga SAMCOT. A ƙarshen 2019 aka fitar da waken nan SAMPEA 20-T wanda tsutsar da ke huda kwanso ba ta cinsa kamar yadda take cin sauran. A Shika aka fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. Har ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike akwai a jami'ar, wadda aka kunna a 2004, ita ce ta farko a Nijeriya.

Mutane da yawa in sun ji wannan sai su ce, ai kuɗin Gwamnati ne, a ba mu irin kuɗin nan a gani. Ban musa ba, kuɗi sun yi aiki, kuma ba a binciken kimiyya da aljihu wayam. Amma bari in ba ku labarin wani aiki da aka yi a Samaru wanda babban jarinsa haƙuri ne.

A 1950 malaman gona suka keɓe wani fili, suka yanka shi ƙanana-ƙanana. Wani yanki aka riƙa zuba masa takin shanu, wani takin zamani iri ɗaya, wani iri biyu ko uku a haɗe, wani takin shanu da na zamani tare, wani kuwa aka bar shi ba a zuba masa kome. Kowace shekara a yi shuka, a girbe, a auna abin da kowane yanki ya bayar, a rubuta. Sun ɗauko dabarar ne daga wata tsohuwar gonar gwaji ta Ingila, Rothamsted, inda aka fara irin wannan da alkama tun 1843. Aka yi shekara goma ana yi, aka yi ashirin, aka wuce arba'in. Wanda ya fara ya koma ƙasarsu, wanda ya gaje shi ya yi ritaya, aka yi juyin mulki, aka yi yaƙin basasa, littafi dai bai yanke ba. Da masana suka zauna suka duba, sai ga magana ta fito fili: ƙasar da aka daɗe ana ba ta takin zamani mai sa ganye kore shi kaɗai ta yi tsami, ƙarfinta ya ragu, wadda kuwa ake haɗa mata da takin shanu ta riƙe albarkarta. Tsohon manomi zai ce ai ya san haka tun daga kakansa. Gaskiyarsa. Amma shi sani ne na baki, ba zai iya gaya maka nawa ne za a zuba, ko shekara nawa ƙasa za ta yi kafin ta gaji ba. Littafin Samaru yana iya faɗi, domin wani ya tashi kowace kaka ya ɗora buhu a kan sikeli, ko da ba wanda zai yaba masa.

Haka aka yi da gyaɗa. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwarin nan darɓa suke yaɗawa, ta cinye gonakin Arewa, ga shi kuwa ba a daɗe da fita daga farin 1973 ba. Tana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa ta Kano. Samun irin da yake jure cutar, kuma yake nuna da wuri yadda zai dace da gajeren damina, bai yiwu ba sai a farkon shekarun 2000, bayan an yi ta aure tsakanin iri da iri, ana shukawa ana zaɓe ana zubarwa, tare da masanan ƙasashen waje. Yaron da aka haifa shekarar cutar ya riga ya yi aure kafin maganin ya iso.

Kada a ɗauka ina cewa Samaru aljanna ce. Duk wanda ya je ya ga yadda titi ya raba gari biyu, gefe guda filin jami'a da itatuwa da inuwa, gefe guda cunkoson gidajen haya da kwatami. Ƙarancin kuɗi ya taɓa ta kamar yadda ya taɓa kowace jami'a, kuma yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya rufe ajujuwa wata takwas. Amma wannan magana ce ta wata rana.

To, mu dawo gida. Yerwa ba ƙaramin gari ba ce kamar Samaru ko Orsay, babban birni ce, amma ba ta rasa kayan aikin ba. A 1975 aka kafa Jami'ar Maiduguri a kan hanyar Bama, wadda a 2025 Shugaban Ƙasa ya ba da sanarwar a sa mata sunan marigayi Muhammadu Buhari. A wannan shekara ta 1975 aka kafa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a kan hanyar Gamboru, aka ɗora mata nauyin gero da alkama da sha'ir. Geron nan SOSAT da manoma suka karɓa hannu biyu-biyu ta hannunta ya shigo gonakinmu. Jami'ar tana da cibiya ta musamman mai nazarin ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Kuma wajibi ne a yaba wa mutanen nan, gama sun yi aiki a cikin wuta. A Janairu 2017 bam ya tashi a masallacin unguwar malaman jami'a, wani farfesa na likitan dabbobi yana cikin waɗanda suka rasu. A Yuli na shekarar aka yi wa malaman sashen nazarin duwatsu kwanton ɓauna wajen Magumeri, suna bakin aikin neman mai, waɗansu suka rasa rayukansu, aka kama uku sai a 2018 aka sako su. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Duk da haka jami'a ba ta kulle ƙofa ta gudu ba.

Tambayoyin ƙasarmu kuwa namu ne, ba wanda zai amsa mana su daga nesa. Zariya tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mu kuwa wajen 600, wata shekara a haura wata a kasa ƙwarai. Irin da ya yi kyau a Samaru ba lalle ne ya kai ga nuna a nan ba. Muna da jigawa mai rairayi, muna kuma da baƙar ƙasar nan ta firgi wajen Dikwa da Marte da Ngala, inda ake dasa masakwa bayan ruwa ya ɗauke, ta rayu da damshin da ƙasa ta ɓoye, a girbe ta cikin sanyi. Tafkin Chadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ƙwarai bayan fari na shekarun 1970 da 1980, har babban aikin noman rani na Marte ya rasa ruwan da aka gina shi dominsa. Kogin Ngadda kuma, wanda yakan kwanta kamar ba shi da rai, ya shigo gari a 1994, ya sake shigowa ran 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Ba sai na gaya wa kowa a kwalejin nan abin da aka gani a ranakun nan ba.

Duk waɗannan maganar ruwa ce: yaushe ya zo, nawa ya zo, ina ya tsaya, ina ya tafi. To, ga tambaya. A nan Jiddari Polo, wa zai iya buɗe littafi ya nuna mana ranar da aka yi ruwan shuka a kowace shekara cikin shekara ashirin da suka wuce? Wa zai iya faɗin wane lungu ne ruwa yake kwanciya bayan an ɗauke, kwana nawa yake yi, kuma ko abin ƙaruwa yake yi tun da gidaje suka cika fili? In ka tambayi dattawan unguwa kowa zai ba ka amsa, amma amsar Baba wane ba za ta zo daidai da ta Baba wane ba, kuma ba laifinsu ba ne, kai ba littafi ba ne.

Shawarata ita ce wannan. Kowace makarantar firamare da sakandare ta zama ƙaramar tashar awo, kuma kwaleji irin tamu ta koya wa kowane ɗalibi yadda ake yi kafin a ba shi takardar shaida. Kayan aikin ba su da yawa. Ma'aunin ruwan sama na ainihi yana da mazurari da kwalba mai zane, amma in babu shi, gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa suke daidai ya isa a fara. A kafa shi a fili, nesa da bango da inuwar darbejiya, a ɗaure shi yadda akuya ko iska ba za su kayar ba. Kowace safiya a sa'a guda, yaro ya tsoma rula, ya karanta zurfin ruwan a milimita, ya rubuta, ya zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta sifiri, domin fili wayam a littafi ba a san ko ruwa ne bai zo ba ko yaro ne ya makara. Wannan ƙa'ida ta sifiri ita ce mutane suka fi rainawa, ita ce kuwa take bambanta littafi mai amfani da wanda za a ƙunsa ƙosai da shi.

A bayan littafin a keɓe shafi na abin da ya shafi unguwa. In akwai rijiya, a zura igiya mai ƙulli sau ɗaya a wata a rubuta zurfin ruwa. In burtsatse ce, a rubuta ranakun da ta ƙafe ko ta rage. A rubuta nawa masu tura kura suke sayar da jarka a watan Afrilu, nawa a watan Agusta. A zana taswirar titunan da suke kewaye da makaranta, a sa alama inda ruwa yake kwanciya. A lambun makaranta kuwa a yi ƙaramin gwaji irin na Samaru: kunya huɗu ta gero, ɗaya da takin dabbobi, ɗaya da na zamani, ɗaya da duka biyu, ɗaya ba kome, a auna da mudu ɗaya kowace shekara.

Na san abin da waɗansu za su ce. Na farko, ai akwai ma'aikatar duba yanayi, tana da tasha a filin jirgin sama, ga kuma taurarin ɗan Adam suna kallon gajimare dare da rana, me gwangwanin yara zai ƙara? Amsa tana bakin kowane ɗan gari. Sau nawa ake tafka ruwa a Bulunkutu, mutum ya iso Gwange ya tarar da ƙura? Ruwan ƙasarmu na hadari ne, yana zuba a nan ya tsallake can. Masana sun tabbatar da wannan a Jamhuriyar Nijar: a farkon shekarun 1990 masu bincike na Faransa da na Nijar suka baza ma'auni wajen ɗari a kewayen Yamai, suka ga cewa ƙauyuka biyu da ba su da nisa da juna suna iya samun damina iri biyu a shekara ɗaya. Tauraro kuma ƙiyasi yake yi daga sama, sai an gwada ƙiyasinsa da abin da ya faɗo ƙasa kafin a san gaskiyarsa. Tasha ɗaya ba ta isa birni mai faɗin Yerwa ba, balle lardi.

Na biyu, za a ce aikin masana ne, ba na malamin firamare ba. To, a Ingila wani mutum mai suna George Symons ya fara tattara awon ruwan sama a 1860 daga wurare 168. Masu aiko masa yawancinsu ba ma'aikatan Gwamnati ba ne, mutanen gari ne masu sha'awa, limaman coci da likitoci da masu lambu da irinsu. Kafin ya rasu a 1900 sun wuce 3,000. Da littattafansu injiniyoyi suka yi lissafin madatsun ruwa na biranensu. Mu ma a nan bai kamata malami ya raina kansa ba. Babban ɗakin karatu na jami'ar Samaru sunan wa yake ɗauke da shi? Sir Kashim Ibrahim, ɗan Yerwa, wanda ya shiga Kwalejin Katsina a 1925, ya fito a 1929 ya kama alli a Midil ta Barno, tun kafin ya zama Waziri, ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962.

Na uku ita ce mai nauyi, ba kuwa zan yi kamar ban gan ta ba. Ruwa ya fi yawa a watan Agusta, makarantu kuwa suna dogon hutu a lokacin. In ba a yi dabara ba, littafi zai cika da awon rani ya rasa na damina, an yi ba a yi ba ke nan. Dabarar da na gani ita ce a kafa ma'aunin kusa da ɗakin maigadi, a zaɓi yara biyu ko uku na manyan aji waɗanda gidajensu suke jikin makaranta, a raba musu makonni, hedimasta ya sa malami ɗaya mazaunin unguwa ya riƙa leƙawa ran Juma'a. In ya yiwu a ba yaran ɗan abin sabulu daga kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Wata matsalar kuma ita ce canjin wurin aiki: malami mai himma ya fara, a ɗauke shi, littafi ya bi shi ko gara ta cinye. Don haka littafin ya zama na makaranta, a lissafa shi cikin kayan da hedimasta yake miƙa wa magajinsa, kamar rajistar yara.

Ba na cewa gwangwani zai hana madatsa ɓallewa. Wannan nauyi ne na injiniyoyi da hukuma, kuma a kansu yake. Abin da littafin zai yi shi ne, ranar da za a zo haƙa magudanar ruwa a unguwa, a sami takarda da za a ajiye gaban mai awo a ce ga inda ruwa yake tsayawa shekara goma a jere. Ranar da malamin gona zai kawo sabon irin gero, a iya gaya masa kwana nawa daminar wurin take yi. Ko ba a kai ga wannan ba, akwai riba tun daga makon farko. Yaron da ya auna milimita 23 da hannunsa, ya tara na wata, ya raba ya fitar da matsakaici, ya zana shi a allo, ya koyi lissafi da labarin ƙasa da kimiyya a zama ɗaya, da abin da ya jiƙa masa riga jiya. Ya kuma koyi rubuta abin da ya gani ko da bai yi masa daɗi ba. Daga cikin irin yaran nan ne jami'a da Cibiyar Tafkin Chadi za su sami waɗanda za su iya zama shekara ashirin a kan irin gero ɗaya ba su ƙosa ba.

Su ma manyan makarantun akwai abin da ya rataya a wuyansu. Littafin da ba mai dubawa ba ya daɗewa. Ya kamata sashen labarin ƙasa na jami'a, ko cibiyar nan ta ƙasashe masu ƙarancin ruwa, su yarda su karɓi kwafin awon makarantu a ƙarshen kowace damina, su haɗa, su mayar wa kowace makaranta da takarda guda mai nuna nata kusa da na maƙwabtanta. Su kuma buɗe ƙofa sau ɗaya a shekara yara su zo su ga gonar gwaji da idonsu. Yara nawa ne a Jiddari Polo suka san akwai masu binciken gero a garin nan, alhali da kunun geron suke karyawa?

Ina roƙon Shugaban Kwaleji da malamanmu na sashen kimiyya da na aikin gona, Allah Ya ƙara musu girma, su duba ko za a fara daga cikin gida. A kafa ma'auni ɗaya a filin kwaleji kafin ruwan farko na bana, a raba wa ajujuwa makonni, sa'an nan duk ɗalibin da zai fita gwajin koyarwa a ba shi rula da littafi mai layi, a sa kafa ma'auni a makarantar da aka tura shi cikin abin da mai duba aiki zai ba shi maki a kai. Littafin kwaleji kuwa a ajiye shi a ɗakin karatu, a rubuta shekara a bangonsa, a bar wuri a kanta domin na shekaru masu zuwa.